Littattafan da aka ƙona a Maní, da gadon da ya tsira a ƙugun mata

Shekaranjiya wani ɗan'uwa ya ɗora hoton zanen bangon fadar gwamnatin Meziko, wanda Diego Rivera ya yi, ya rubuta a ƙasa cewa ga mutanen da suka san darajar kakanninsu. Na kusa danna masa alamar so in wuce abina, sai na fasa. Zanen ya haɗu, wannan ba a musu. Amma ban yarda cewa a bangon nan ne 'yan asalin ƙasar suka ƙwato gadonsu ba, kuma ga dalilina. Wanda ba shi da lokaci ya ajiye ya karanta da dare, don zancen yana da ɗan tsawo.

A watan Yulin 1562, shekara 41 bayan Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya ci Tenochtitlan, babban birnin daular Aztek, wani limamin coci ɗan Sifaniya mai suna Diego de Landa ya tara jama'a a garin Maní da ke yankin Yukatan. Ya sa aka kawo littattafan mutanen Maya, 'yan asalin yankin, aka cinna musu wuta. Littattafai ne na gaske, an rubuta su a takardar ɓawon itace da aka shafe da farar ƙasa, ana ninke su kamar yadda ake ninke rawani, cike da lissafin kwanaki da tafiyar taurari da lokacin husufi. Shi kansa Landa ya rubuta daga baya cewa bai ga komai a cikinsu ba sai camfi da ƙaryar shaiɗan, kuma ya yi mamakin yadda abin ya yi wa mutanen ciwo. Mamaki fa! A yau littafi huɗu kacal suka rage daga duk abin da Maya suka rubuta a takarda kafin zuwan Turawa: ɗaya a Dresden ta Jamus, ɗaya a Madrid, ɗaya a Paris, ɗaya ne tak a Meziko.

To bayan juyin juya halin da aka fara a 1910, sabuwar gwamnati ta ga tana bukatar labarin da zai haɗa kan ƙasa. Ministan ilimi José Vasconcelos ya fara ba masu zane bangayen gine-ginen gwamnati daga 1921. Rivera ya fara zana bangon matakalar fadar a 1929, daga baya ya zana Tlatelolco, tsohuwar kasuwar Aztek: masu sayar da masara, masu tabarmi, mai magani yana duba haƙorin yaro, birnin Tenochtitlan yana shimfiɗe a tsakiyar tafki. A ba mai haƙƙi haƙƙinsa, kafin wannan lokacin yawancin abin da ake kira fasaha a birnin Meziko daga Turai ake kwaikwayo, shi kuwa ya sa baƙar fata da faffaɗan hanci a inda shugaban ƙasa ke wucewa kullum.

Sai dai a daidai shekarun da ake wannan fenti, makarantun gwamnati a ƙauyuka suna dukan yara idan suka yi yaren Nawatil ko Zapotek a aji. Manufar a fili take: kowa ya narke ya zama Bameziko mai jin Sifaniyanci kaɗai. Kalmar "indio", wato ɗan asalin ƙasa, zagi ce a bakin 'yan birni. Wato an ɗaga kakan da ya mutu shekara 400 da suka wuce an kai shi bango, jikansa mai rai kuma yana bakin ƙofar fadar yana sayar da gyaɗa, ana hararar takalminsa. Shi Rivera haifaffen Guanajuato ne, ya shafe fiye da shekara goma a Turai yana koyon sana'arsa. Ban ce wannan laifi ba ne. Cewa na yi an yi rawa da bazar wasu, masu bazar kuma suna tsaye a rana.

Kuma halin bai mutu ba. Da aka sauke gunkin Christopher Columbus, matuƙin jirgin ruwan da ya buɗe wa Turawa hanyar nahiyar Amurka, daga babban titin Reforma na birnin Meziko a 2020, sai hukuma ta ce za a maye gurbinsa da gunkin kan wata mace 'yar asalin ƙasa, ta ba wani fitaccen mai sassaƙa, Pedro Reyes, aikin. Namiji, kuma ba ɗan ƙabilun ba. Mata masu fasaha da marubuta suka sa hannu a takardar ƙorafi, dole aka janye.

Ni inda nake ganin gadon ya tsira shi ne a ƙugun mata. A zahiri nake nufi. Macen Maya a tsaunukan Gwatemala ko jihar Chiapas ta Meziko tana ɗaure bakin zarenta ɗaya a ginshiƙin rumfa, ɗaya bakin kuma a ɗamarar da ta zagaye ƙugunta, ta durƙusa a tabarma. In tana son zaren ya yi tauri ta ja baya, in tana son ya saki ta sunkuyo. Jikinta shi ne rabin masaƙar. Adon ba bayan an gama ake ɗinka shi ba, a cikin saƙar take tsinto zare ɗaya-ɗaya da ɗan tsinke tana cusa mai launi, ba takarda a gabanta, duk lissafin yana kanta. Riga ɗaya, wadda suke kira huipil, tana iya cin watanni. Kowane gari da irin adonsa, ta yadda a kasuwa za a kalli mace a san daga ina ta fito. Landa ya ƙona abin da ya gane cewa rubutu ne. Wannan bai gane ba, ya ɗauka tufafin mata ne kawai.

Saka rigar nan ma akwai lokacin da ya zama sayar da rai. A yaƙin basasar Gwatemala, daga 1960 zuwa 1996, kimanin mutum 200,000 aka kashe ko suka ɓace, kuma hukumar binciken gaskiya ta gano cewa kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne. Tunda riga tana faɗin garinki, mata da yawa da suka gudu sun tuɓe ta don kada soja ya gane su. Shi ya sa ganin Rigoberta Menchú, 'yar Maya ta Gwatemala mai fafutukar haƙƙin mutanenta, sanye da ita ranar karɓar kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992 ba kwalliya ba ce kurum.

Yanzu kuma yaƙin ya koma kasuwa. A 2015 mutanen Santa María Tlahuitoltepec, 'yan ƙabilar Mixe a jihar Oaxaca ta Meziko, suka ga adon rigarsu sak a kayan Isabel Marant, mai tsara tufafi 'yar Faransa, da farashin da ya ninka nasu sau da yawa. A 2016 masaƙan Gwatemala suka haɗa kai suka je kotun tsarin mulki suna neman a amince cewa adon mallakar al'umma ne, tunda dokar haƙƙin mallaka mutum ɗaya ko kamfani ta sani. Meziko ta yi doka kan haka a 2022. Ko dokar za ta hana inji buga kwafi, wannan wata magana ce. Duk wanda ya ga yadda hular inji ta karya farashin hular hannu a kasuwanninmu ya san amsar ba ta da daɗi.

Na san wani zai shigo ya ce, ai waɗannan kakannin nasu gumaka suke bauta wa, har mutane suke yankawa, me za a dawo da shi? Gaskiya ne Aztek sun yanka mutane, ba wanda ya isa ya goge wannan. Amma yawancin matan nan Kiristoci ne, da rigar suke zuwa coci ranar Lahadi. Ulu ma da Sifaniyawa ya zo, yau kuma zaren kamfani suke saye. Ba shekarar 1500 suke neman komawa ba. Abin da suke nema shi ne 'yarsu ta shiga banki da rigar garinsu ba a ɗauke ta 'yar aiki ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun rubutun. Shekaru ɗaruruwa ba mai iya karanta haruffan Maya, har su kansu. A 1952 wani Barashe, Yuri Knorozov, ya nuna cewa alamomin gaɓoɓin sauti ne, kuma mabuɗin da ya yi amfani da shi jerin haruffan da Landa ɗin nan ya tattara ne a littafinsa. Ikon Allah. Daga ƙarshen shekarun 1980 masana suka fara zama da masu jin yarukan Maya a Gwatemala ana koyon karatun tare, yau akwai matasa da ke rubuta sunayensu da waƙoƙinsu da shi. A 2012 'yan ƙabilar Kaqchikel suka kafa sabon dutse mai rubutun kakanninsu a kufan Iximche, tsohon birninsu. Mu da boko ya ture mana ajami daga ofis da makaranta, ba sai an yi mana dogon bayani kan wannan jin ba, ko da yake namu ba a ƙona shi ba, yana nan a allo da littattafan waƙa.

Shi kuwa littafin Dresden, mafi kyau a cikin huɗun, an saye shi ne a Viyana a 1739. Ruwa ya jiƙa shi lokacin da aka yi wa birnin luguden bama-bamai a 1945, wasu shafukan sun dushe. Yana nan a kwance cikin gilashi a ɗakin karatun jihar Saksoni. Yaron Maya da ya koyi karanta shi a waya, in yana son ya gan shi ido da ido, sai ya nemi kuɗin jirgi zuwa Jamus.