Gunki mai tumbi da ake turawa yawon duniya

Wai yanzu har gunki ake ɗauka a tura shi yawon buɗe ido. Ɗan mutum-mutumin nan mai sanƙo da ƙaton tumbi, baki a wangale, wanda ake ce wa Buda mai dariya, sai wani ya saya ya ba abokinsa mai tafiya, shi kuma ya ɗauke shi hoto a gaban hasumiyar Eiffel ya miƙa wa na gaba, wai sa'a na bin duk wanda ya shafa masa ciki.

Ni abin da ya dame ni, yawancinsu ba su ma san wa suke riƙe da shi ba. Shi fa ba Siddhartha Gautama, wanda ya kafa addinin Buda, ba ne. Wannan Budai ne, wani mai zuhudu ɗan ƙasar Sin daga Fenghua a lardin Zhejiang, ya rayu a ƙarni na 10, yana yawo da buhu a kafaɗa yana bara, yara na biye da shi. Bayan mutuwarsa mabiya suka ce ai shi ne Maitreya, Budan da suke jira, a Japan kuma aka sa shi cikin allolin sa'a 7 da sunan Hotei. Mutumin da duk dukiyarsa buhu ɗaya ce, yau an ɗora masa dunƙulen zinare a hannu an girke shi kusa da akwatin kuɗi a gidajen abinci. Tabɗi.

Sa'ar dai akwai ta, amma ta masu sarrafa shi ce. Kasuwar Yiwu da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya a wannan lardin na Zhejiang take, kuma irin waɗannan gumakan na roba katan-katan ake fitar da su. A Indiya har camfi ake yi wai kar ka saya wa kanka, sai dai a ba ka kyauta, kowa kenan ya saya wa wani, ciniki ya ci gaba.

Inda wasan ke zama matsala shi ne, wanda bai bambance Budai da Gautama ba, in ya je ƙasar masu addinin haka zai yi wa abin bautarsu, su kuma ba sa ɗaukar raini. A 2012 kotu a Sri Lanka ta yanke wa Faransawa 3 hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda hotunan da suka ɗauka kamar suna sumbatar gunkin Buda, a 2014 kuma aka kori wata 'yar Ingila daga ƙasar saboda zanen Buda a damtsenta.