Kafin Ku Ce "Ƙara Masa, Ai Ɓarawo Ne"

'Yan'uwana matasa, akwai ɗabi'ar da ta kama mu, kuma tana damuna. Da an saki bidiyon wanda ake zargi yana shan jibga a hannun jami'ai, sai sharhi ya yi ta zuba: "Maganinsa ke nan." A ganinmu, wanda ya yi laifi ba shi da sauran haƙƙi, balle diyya.

Ku ji abin da ya faru a Jamus. A 2002 wani ɗalibin shari'a, Magnus Gäfgen, ya sace yaro ɗan shekara 11 a Frankfurt, ya kashe shi, sannan ya je ya ɗauki kuɗin fansa yuro miliyan ɗaya. 'Yan sanda suka cafke shi, suna zaton yaron na da rai. Mataimakin shugabansu ya sa aka yi masa barazanar azaba in bai faɗi inda yaron yake ba. Ya kai su, gawa suka tarar. An yi masa ɗaurin rai da rai. Duk da haka, a 2010 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce barazanar nan keta haƙƙinsa ce, a 2011 kuma wata kotun Jamus ta ba shi diyyar yuro 3,000. Wallahi ni ma da na fara jin labarin sai da raina ya ɓaci. Daga baya na gane ba kisan yaron aka saka masa ba, hukuma aka ja wa kunne.

Ba kullum ake biya ba. A 1988 sojojin Birtaniya sun harbe 'yan IRA uku (ƙungiyar 'yan bindiga da ke yaƙar mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa a lokacin) a Jibralta, wani yankin Birtaniya da ke maƙwabtaka da kudancin Sifen. A 1995 wannan kotun ta Turai, alƙalai 10 a kan 9, ta ce an keta haƙƙinsu na rayuwa, amma ta hana iyalansu diyya, domin waɗanda aka harben bam suka yi niyyar dasawa. Kuɗin shari'a kawai aka biya.

Laifin mutum dai yana iya cinye diyyarsa, sai dai ba ya wanke hannun hukumar da ta zalunce shi. Waɗancan ma sai da alƙalai suka zauna, aka baje hujjoji shekara da shekaru. Shi kuwa wanda kuke wa dariya a waya, da kumburarriyar fuska da hannu ɗaure a baya, ko ƙofar kotu ba a kai shi ba tukuna.