Mai Karatun Kaduna Alƙali Ne, Na Ingila Ɗan Kallo

Shekara shida ke nan ina zaune a Mancesta, kuma cikin abubuwan da suka fi tsaya mini a rai game da mutanen nan akwai yadda suke hira a kan ƙagaggen labari bayan sun gama karanta shi. A laburaren unguwarmu ana yin wani zama sau ɗaya a wata, inda mutane kamar goma, yawancinsu dattawan mata da suka yi ritaya, suke karanta littafi guda sannan su taru su tattauna. Ranar da na fara zuwa, littafin na binciken kisan kai ne. Na yi ta zuba kunne in ji wani ya yi tir da wanda ya yi kisan, ko ya tausaya wa marayun da aka bari, amma har aka tashi babu wanda ya taɓo wannan. Abin da ya dame su shi ne ko marubuciyar ta yi musu adalci wajen ɓoye mai laifin, da kuma shafin da kowannensu ya gano shi.

Na dawo gida ina tunanin Goggona a Tudun Wada. Ba ta yi boko ba, saboda haka ni nake karanta mata littattafan da muke karɓowa haya a wani shago kusa da Kasuwar Barci, bayan sallar isha'i, ita kuwa tana kishingiɗe da carbi a hannu. Ba a shafi uku ba ta tsayar da ni ba. "Ke, dakata," za ta ce, "Allah ya isa tsakanin yarinyar nan da uwar mijinta." Wata rana da maigidan cikin labarin ya yi saki uku cikin fushi, sai da muka ajiye littafin kwana biyu, domin Goggo ta ce ba za a ci gaba ba sai ta ji hukuncin abin daga bakin malamin Islamiyyarsu.

A da nakan ɗauki wannan a matsayin rashin sabo da adabi, amma yanzu na sauya ra'ayi. Mai karatun Hausa yana shiga labari ne a matsayin alƙali kuma ɗan'uwa, kuma abin yana da tushe. Lokacin da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda cewa rubuta labarin da ba wa'azi ba ne, ba kuma ilimi ba, aiki ne da ya cancanci mutum ya ɓata masa tawada. An kuma buga littattafan ne domin 'yan makaranta. Tun daga Zariya ke nan tambayar "mene ne darasin?" ta biyo ƙagaggen labarinmu, ba ta kuma rabu da shi ba har yau.

Inda nake da ƙorafi shi ne ba kowane irin littafi ake titsiyewa da wannan tambaya ba. Yayana ya tashi da littattafan yaƙi da jarumta, masu cike da matsafa da aljanu da sarakunan ƙasashen da babu su a taswira, inda ake fille kawunan dakaru dubu kafin a juya shafi. A tsakar gida yake karanta su, Baba yana wucewa, kuma ban taɓa jin an tambaye shi abin da ya ƙaru da shi ba. Ni kuwa littafin soyayya sai dai in cusa shi cikin littafin lissafi ko ƙarƙashin katifa, alhali abin da ke cikinsa shi ne auren dole, da zaman kishi, da saki, da yarinyar da aka cire daga makaranta, wato abubuwan da ke faruwa a layinmu. A 2007 har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na gyaran tarbiyya, A Daidaita Sahu. Shekara biyar bayan haka, wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya fitar da fassarar Ingilishi ta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, baƙi suna karanta shi domin su fahimci zaman gidan Bahaushe. A ganina, aljani bai tayar wa kowa hankali ba saboda yana nesa, amma mijin da ya wulaƙanta uwargida domin amarya ya yi kama da wani da aka sani, wani lokaci ma da shi mai tsawatarwar.

A nan Ingila ma ana raina littattafan soyayya, irin na kamfanin Mills & Boon da yayyenmu suka riƙa saye a hannun masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Sai dai rainin nasu na ɗanɗano ne, kamar a ce wa mutum abincin da yake so ba na manya ba ne, ba wanda zai ce ɗiyarsa za ta lalace. Kowane irin labari yana da kantarsa da masoyansa, kuma mai karatu ya san abin da ya biya kuɗi ya samu: mai son labarin ban tsoro yana son gabansa ya faɗi, mai son na kimiyya yana son a gina masa duniyar da ba ta saɓa wa dokokinta. Mu kuwa tun Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969 ba mu yi nisa a fagen kimiyya ba. Labarin bincike ma bai yi ƙarfi ba, wataƙila domin mai karatunmu ba ɗan sanda yake jira ya kama azzalumi ba, sakayyar Allah yake jira.

Wannan jiran sakayya shi ne inda zafin namu yake yin ɓarna. Yanzu da marubuta da yawa suke sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp, masu karatu suna tsaye a kansu, suna roƙo, suna zagi, suna ba da umarnin wanda za a aura da wanda za a hukunta. Sakamakon shi ne kusan kowace muguwar kishiya sai ta ƙare da hauka ko shanyewar ɓarin jiki, ko da labarin bai nufi can ba, kuma marubucin da ya bar azzalumi ya mutu a kan gadonsa cikin daula, kamar yadda muke gani da idanunmu, sai a ce ya ci amanar masu bibiyarsa. Alƙalin da ya yanke hukunci tun kafin a gama sauraron shaidu yana tauye marubuci, kuma a wannan gaɓa ina ganin haƙurin dattawan laburaren nan ya fi namu.

Duk da haka, idan na zauna cikinsu ana auna littafi kamar ana taya atamfa, nakan ji kewar ɗakin Goggo. Yanzu idanunta sun yi rauni, jikoki ne suke kunna mata masu karanta littattafai a YouTube. Makon jiya da na kira ta, ta shafe kusan minti goma tana ba ni labarin wata baiwar Allah da dangin miji suka kora da tsohon ciki, muryarta har rawa take yi. Na fara lissafin abin da zan iya aikawa, na ce, "Goggo, a wace unguwa take?" Ta ce, "Wace irin unguwa kuma? Ai muna littafi na uku ne."