Yawan soda ba ya ƙara wa sabulu ƙarfi

Da yawa daga masu koyon haɗa sabulu a gida nan Sakkwato sun ɗauka idan aka ƙara soda, wato kostik soda, sabulun zai fi kumfa da fitar da dauɗa. Dalilinsu a fili yake: soda ce ke cinye maiƙo. Sai dai a cikin sabulu aikinta daban ne, kuma wannan fahimtar na ɓata fatar mutane.

Soda tana haɗuwa da mai ne ta mayar da shi sabulu, kowane irin mai da adadin da yake ɗauka. Abin da ya yi saura ba ya zama komai, yana nan da kaifinsa. Shi ke sa sabulu ya yi fari-fari, ya riƙa marmashewa, ya ƙona hannu, balle lokacin hunturu da fata ta riga ta bushe.

Kilo 1 na man ja yana buƙatar soda kusan giram 135 a ruwa giram 330. Man kaɗanya kuwa kusan giram 122 ya ishe shi. Wadda ta canza daga man ja zuwa man kaɗanya ta bar ma'aunin gwangwaninta na soda yadda yake, sodar ta yi yawa. Shi ya sa sikeli ya zama dole.

Kumfa daga mai take fitowa. Mai son ta sai ya sa man kwakwa kamar kashi 1 cikin 5, ya sake lissafin soda, domin shi ya fi cin soda.

Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kanta ba, da safar hannu, kuma ban da tukunyar alminiyam. A shanya sabulun a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin a yi wanka da shi.