Yayarmu ba kuɗi take so ba, barci take so

Shekara 3 Hajiyarmu ta yi a kwance bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. Mu 7 ta haifa, amma in za a faɗi gaskiya mutum ɗaya ce ta yi jinyar, wato babbar yayarmu, wadda ta dawo gida Gwale bayan rasuwar mijinta. Mu maza namu shi ne turo kuɗi ƙarshen wata. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci mu shigo da ledar lemo da kankana, mu zauna rabin awa, Hajiya ta sa mana albarka, mu fita muna jin mun sauke nauyi. Wata Juma'a na tarar da Yaya a kan sallaya, carbi a hannu, ta jingina kai da bango barci ya kwashe ta. Da ta farka na ce, "Yaya, ko akwai abin da ya ƙare in sayo?" Sai ta ce, "Ba abin da ya ƙare sai ni. Ku ba ni dare biyu in yi barci."

Tun daga ranar nake ganin ya kamata mu Kanawa mu daina ɗaukar kawo mai taimakon jinya gida a matsayin abin kunya.

Wanda bai taɓa kwana da mara lafiya ba bai san aikin ba. Wanda ba ya iya motsawa sai an juya shi kusan duk bayan awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya ɓarke a ƙugu ko diddige. Sai an tayar da shi zaune kafin a ba shi kunu, don kada ya ƙware abinci ya bi ta huhu. Ga canjin famfas, ga wankin zannuwa, ga maganin hawan jini da na suga kowanne da lokacinsa, ga ɗaukarsa a saka a adaidaita-sahu ranar zuwa gashi. In gigin tsufa ya shigo kuma, dare ya koma rana, tsohuwa ta riƙa rantsuwa cewa wadda ke wanke ta ita ce ke sace mata kuɗi. A asibiti ma'aikatan jinya karɓa-karɓa suke yi, na safe, na yamma, na dare. A gidajenmu mace ɗaya ce ke cin duka ukun, babu hutun ƙarshen mako, babu albashi.

Kuma mun san wadda ake zaɓa. Bazawara ce, ko 'yar autar da ba ta yi aure ba, ko matar ɗa, wadda hidimarta ga suruka kyautatawa ce ba wajibi ba, amma ba mai faɗa mata na gode. Ba a ma zama a zaɓe ta. Cewa kawai ake yi, "Ai ke ce ba ki da abin yi." Daga nan ta bar sana'arta, ta daina zuwa biki da suna, bayanta ya riƙe, ita ma hawan jini ya kama ta. In ta yi ƙorafi a ce mata, "Ki yi haƙuri, lada kike samu." To, in ladan ne da gaske, me ya hana mu rububinsa?

Masu cewa iyayenmu da kakanninmu ba su ɗauko kowa daga waje ba sun manta irin gidan da ake ciki a da. Babban gida ne, da matan 'ya'ya da jikoki da ƙannen uba, hannu ya fi ashirin. Yau ɗaya yana Rijiyar Zaki, ɗaya Hotoro, ɗaya Abuja, ɗaya Jidda, matan kuma wasu na koyarwa wasu na kasuwa. Jinkar tana nan yadda take, hannayen ne suka watse.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ta addini ce, kuma ban raina ta ba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana a ce wa iyaye ko "uf" idan tsufa ya riske su a wurinka. Sai dai mu tambayi kanmu, wa ya fi kusa da faɗin wannan kalma? Wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba. Na taɓa jin Yaya ta ɗaga wa Hajiya murya, sannan ta shige banɗaki tana kuka. Laifin wannan tsawa, rabinsa namu ne masu zuwa da kankana. A Sahihul Bukhari, Salmanul Farisi ya faɗa wa Abud Darda'i cewa kansa yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma haka, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Ba wanda ya ce a kwashi tsoho a kai shi gidan gajiyayyu na Shahuci. Yana nan a ɗakinsa, 'ya'yansa na kewaye da shi, hannu kawai aka ƙara.

Amma wane hannu? Nan ne wasu ke ɓata rawarsu da tsalle. Su aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara 13, a haɗa mata shara da wanke-wanke da ɗaga tsohuwar da ta ninka ta nauyi. An cuci yarinyar, an cuci tsohuwar. Kano na da makarantun koyon aikin jinya da na fasahar lafiya, ga sashen jinya a Jami'ar Bayero, kuma a unguwanni da yawa akwai waɗanda suka gama suna jiran aiki, akwai waɗanda suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu. Mace ga Hajiya, namiji ga Baba, da wanda zai tsaya mata, kuma kada a bar ta ita kaɗai a makonnin farko. Ta farkon da muka ɗauka waya ta fi duba wa, sai da gyambo ya fara muka farga. Ta biyun, dattijuwa ce da ta yi ritaya, ita ta koya mana yadda ake juya mutum da zanen gado ba tare da an karya baya ba.

Kuɗi kam matsala ne. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 magani da famfas kaɗai sun isa su cinye shi. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, sai dai mai jinya a lungun Gwale ba takarda take jira ba. Da Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha da attajiranmu za su ware wani kaso don biyan masu taimakon jinya a gidajen marasa ƙarfi, da ya fi buhun shinkafar azumi daɗewa ana cin moriyarsa. Gidan da ba shi da halin ɗaukar kowa kuwa, yana da halin raba kwana. Wadda ta bar sana'arta saboda jinya, a yanka mata kuɗinta na kanta duk wata, daban da na cefane.

Mu haka muka yi a ƙarshe. Dattijuwar ta riƙe rana, muka raba darare, Talata ta faɗo kaina. Daren farko, wajen ƙarfe 3, Hajiya ta ƙi haɗiye magani, ta tofar min da shi a riga har sau biyu. Na ɗauko waya in tambayi Yaya dabarar da take yi. Wayarta a kashe take.