Kafin ɓarin jiki ya shanye, jini ya daɗe yana magana

Duk lokacin da aka ce wani ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai ka ji ana cewa "ai lafiyarsa lau jiya" ko kuma a ɗora wa iska. Ni wannan magana tana damuna, domin mafi yawan shanyewar ɓarin jiki gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ke kai ga haka tana ɗaukar shekaru.

Akwai wani sinadari da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a cikin jiki, likitoci na kiransa CRP. Idan ya yi ƙasa da 1 a gwaji, haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kaɗan ne. Idan ya wuce 3, akwai abin lura. A 2008 an fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna JUPITER da aka yi a kan mutum kusan 17,800 waɗanda kitsen jininsu bai yi yawa ba amma CRP ɗinsu ya hau. Da aka ba su maganin rage kitsen jini, shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kusan rabi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kitsen da ke manne a jikin zuciya. Ba teɓa ba, wannan a ciki yake, ba shamaki tsakaninsa da naman zuciya, jijiyoyi ɗaya ke ciyar da su. Idan ya yi kauri sai ya riƙa tsiyayo sinadaran kumburi kai tsaye cikin zuciya, ya rikita bugunta. Wannan rikicewar bugu kuwa tana sa jini ya tsaya ya daskare a wani lungu na zuciya, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Tana ninka haɗarin kusan sau 5. Siririn mutum ma zai iya samun wannan kitse, hoton zuciya ne ke nuna shi.

To amma kada mu ruɗe. A wajenmu zazzaɓin cizon sauro, taifod, ko ruɓaɓɓen haƙori duk suna ɗaga CRP, don haka gwaji ɗaya bayan zazzaɓi ba ya nuna komai. Kuma binciken SIREN kan abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, wanda aka yi a Najeriya da Ghana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba.

Shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum yana neman gwaji mai tsada alhali shekara biyu bai auna jininsa ba. Jama'a, a fara da awon jini da na suga. Idan bugun zuciyarka yana tsalle ko yana gudu ba dalili, gaya wa likita, shi zai ce ko kana bukatar hoton zuciya da gwajin CRP.