Ƙaramin jirgin sama ma kilisa yake so, kamar doki

Mutanenmu na Ringim da Gumel in suka ji an ce a Amurka malamin makaranta kan tuƙa ƙaramin jirgin sama ranar Asabar don nishaɗi kawai, sai su ɗauka ƙarin gishirin matafiya ne. Akwai su kuwa. Sai dai da yawansu lasisin na nan a aljihu, rabonsu da tashi an yi shekaru. A ganina ba tsoro ke fara korarsu ba. Abin da ke sa magidanci ya kwance dokinsa ya kai kasuwar Maigatari shi ke korarsu, wato ɗawainiyar riƙo.

Dokar Amurka ta ce sai mutum ya yi aƙalla awa 40 a sama kafin a ba shi lasisi, amma yawanci sai sun haura 60. Mai zuwa darasi sau ɗaya a wata shi ya fi shan wuya, domin kafin ya dawo hannunsa ya manta yadda ake sauka, sai a sake maimaita na baya, kuɗin haya da na malami kuma suna tafiya. Bayan an sami lasisin ma ba a huta ba. Ba ka da ikon ɗaukar ko da matarka sai ka yi tashi uku da sauka uku cikin kwana 90 da suka wuce. Duk wata 24 sai malami ya sake duba ka, awa ɗaya a ƙasa, awa ɗaya a sama. Takardar likita tana kai wata 60 ga wanda bai cika shekara 40 ba, daga nan ta koma wata 24.

Shi kansa jirgin fa? Cessna 172, mai kujera huɗu wanda aka fi koyo da shi, yana shan kimanin lita 30 a awa, kuma man nasa daban ne, mai shuɗi-shuɗi da ake kira 100LL. Ko ya tashi ko bai tashi ba, duk shekara sai bakanike mai lasisi ya buɗe shi ya bincika, ga inshora, ga kuɗin wurin ajiya. Masu ƙera injin sun ce a yi masa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12.

Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san in ya daɗe a turke ba kilisa, ƙafa kan kumbura, ranar hawa kuma ya yi wa mai shi tutsu a gaban jama'a. Jirgi ma haka. In ya yi watanni a ajiye, baƙin mai ya tsiyaye ya bar ƙarfe tsirara, laima ta shiga, tsatsa ta kama cikin injin. Ruwa kan taru a tankin mai, shi ya sa ake tsiyayo kaɗan a ɗan kofi a duba kafin kowane tashi. Har zanzaro kan yi gini cikin siririn bututun da ke auna gudu, agogon ya riƙa yi wa matuƙi ƙarya. To kuɗi sun yi ƙaranci, mutum ya rage tashi, hannu ya yi sanyi, sai ya sake biyan malami, a lokacin ne fargaba ke shigowa. Wata Asabar ya ce iska ta yi yawa, wata ya ce yara, shi ke nan.

Inda mai doki ya fi mai jirgi, harawa da dawa daga gonarsa suke, ga yaran gida suna rububin fita kilisa da yamma. Mai jirgi ba ya miƙa wa ɗan ƙaninsa ya ɗan zaga da shi. Da yawa daga waɗanda suka ɗore a Amurka, mutum huɗu ko biyar ne suka haɗa kuɗi suka sayi guda, ko suka shiga kulob.

A gida kuwa, tun 1925 jirgi ya sauka Kano, makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya na nan tun 1964, Dutse ma tana da filin jirgi, amma mai zuwa Zariya aikin yi yake nema. Ko da wani attajirin Haɗeja ya sayi nasa, mai tuƙi da ido, wato ba da na'ura kaɗai ba, yana bukatar ya hangi kusan kilomita 5, hazon Disamba da Janairu kuma kan hana shi haka kwana da kwanaki. Zafin Afrilu na sa iska ta yi shakaf, jirgi ya ci dogon fili kafin ya ɗaga, musamman in an cika tanki an kuma cika kujeru.